Doka mai harshen damo: yaushe tsayuwa a bakin titi ke zama laifi a Amurka?

Cikin daren wata Asabar a 1969, an riga an shiga Lahadi, 'yan sanda suka tare wata mota a babban titin birnin Jacksonville na jihar Fulorida. Mutum huɗu ne a ciki: mata biyu farar fata, Margaret Papachristou da Betty Calloway mai motar, sai maza biyu baƙar fata, Eugene Melton da Leonard Johnson. Daga gidan abincin kawun Johnson suka fito, za su wani gidan rawa. Babu wanda ya ce sun yi gudun wuce sa'a, babu wanda ya ce sun ɗauki kayan wani. Laifin da aka rubuta musu shi ne wai suna sanɗa a cikin mota. 'Yan sandan sun musanta cewa ganin farare da baƙaƙe a mota ɗaya ne ya tsone musu ido. Cewa suka yi motar ta tsaya kusa da wani wajen sayar da motoci na hannu da ɓarayi suka sha fasawa. A daren dai ko allura ba a ce ta ɓace ba.

Su huɗun kuma babu zauna-gari-banza a cikinsu. Calloway malama ce mai koyar da buga keken rubutu, Melton tsohon sojan yaƙin Biyetnam ne da ya koma makaranta, Johnson ma'aikaci ne a wani rumbun ajiyar kayan masarufi, ita kuwa Papachristou tana cikin wani shirin koyon sana'a. Sai dai dokar birnin ba ta tambayar wannan. Taru ce aka saƙa ta yadda kowane kifi zai faɗa. A cikin waɗanda ta lissafa akwai mabarata, da 'yan caca, da mashaya, da masu yawon dare, da masu gararamba daga wuri zuwa wuri ba da wata halastacciyar manufa ba, da masu zaman kashe wando, har da magidancin da ke da ƙarfin aiki amma ya saba cin gumin matarsa ko ƙananan 'ya'yansa. Hukuncin ya kai ɗaurin kwana 90 ko tarar dala 500, ko duka biyun.

Wannan lissafi ba a Fulorida aka haife shi ba. Gadon Ingila ne. Bayan annobar da ta cinye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar, ma'aikata suka yi ƙaranci, lada ya tashi, sai aka yi doka a 1349 wadda ta tilasta wa duk mai lafiya yin aiki a kan tsohon farashi, ta kuma hana ba mabaraci mai lafiya sadaka. Daga nan irin waɗannan dokoki suka yi ta haihuwa har suka haye teku. Bayan an 'yanta bayi a Amurka, jihar Mississippi ta yi tata a 1865: baƙar fatar da ba shi da aikin yi a ci shi tara, in ya kasa biya a ba da hayarsa ga wanda ya biya masa. Wato bauta ta fita ta ƙofa, ta dawo ta taga.

To ina kundin tsarin mulki ya shigo? Gyara na 14, wanda aka yi a 1868, ya hana kowace jiha raba mutum da ransa ko 'yancinsa ko dukiyarsa ba tare da bin ƙa'idar shari'a ba. Daga cikin wannan jimla kotuna suka fitar da hukuncin cewa dokar laifi mai harshen damo ba doka ba ce. Tun a 1926 Kotun Ƙoli ta ce idan mutum mai matsakaicin hankali sai ya yi canki-canka kafin ya gane abin da doka ta hana, to dokar ta saɓa wa matakin farko na adalci. Dalilan biyu ne. Na farko, wajibi ne a sanar da mutum inda iyaka take kafin a ce ya tsallake ta. Ba a kama mutum da shiga gonar da ba a yi wa shinge ba. Na biyu, dokar da ba ta da iyaka tana miƙa aikin majalisa ga ɗan sandan da ke sintiri, ya zama shi ne mai yin doka, shi ne mai fassara ta, a tsaye a bakin titi da ƙarfe biyun dare.

A ranar 24 ga Fabrairun 1972 Kotun Ƙoli ta soke dokar Jacksonville, alƙalai bakwai da suka saurari ƙarar babu wanda ya ja. Mai shari'a William Douglas ne ya rubuta hukuncin, har da ɗan zolaya a ciki. Ya ce mai yawon dare yana iya zama wanda barci ya ƙaurace wa. Mai cin gumin matarsa yana iya zama babban mutum da ya auri 'yar masu kuɗi. Masu yawan zama inda ake sayar da giya kuwa, ai har da manyan gari a kulob ɗinsu. Tun da kowa ya san ba waɗannan za a kama ba, ashe dokar tana jiran talaka ne da wanda fuskarsa ba ta yi wa hukuma ba.

A cikin mutum takwas da aka haɗa ƙararsu, labarin Jimmy Lee Smith ya fi tsaya mini a rai. Tsakanin ƙarfe 9 da 10 na safe ne, ranar aiki, shi da abokinsa suna jiran wanda zai ara musu mota su je neman aiki. Ana sanyi, Smith ba shi da rigar sanyi, suka shiga wani shagon wanki da guga su fake, aka ce su fita, suka fita. Suka yi ta kai da komo sau biyu ko uku suna duban hanya. Masu shaguna suka kira 'yan sanda. Aka caje su, babu makami. Aka kama su saboda ba su da katin shaida, kuma 'yan sandan ba su yarda da bayaninsu ba. Mutum ya fito neman aiki, an kama shi da laifin rashin aiki.

Wanda ya ɗauka an rufe babin a 1972 bai san halin majalisu ba. An daina hukunta mutum saboda wane ne shi, sai aka koma hukunta shi saboda amsar da ya bayar. Dokar Kalifoniya ta ce mai yawo ba dalili, idan ɗan sanda ya tsayar da shi, dole ya faɗi ko shi wane ne, ya kuma yi bayanin abin da ya kawo shi. Kotunan jihar suka fassara wannan da cewa sai ya ba da shaida "abar gaskatawa, abar dogaro". Edward Lawson, wani baƙar fata mai son tafiya a ƙasa, musamman da dare, an tsare shi ko an kama shi kusan sau 15 a yankin San Diego tsakanin Maris na 1975 da Janairun 1977. Sau biyu kawai aka gurfanar da shi, sau ɗaya aka same shi da laifi. Da magana ta je Kotun Ƙoli, lauyoyin jihar da bakinsu suka amsa cewa ɗan sanda ne ke yanke ko shaidar ta gamsar. Mai gudun motsa jiki da ya fito ba kati, wani ɗan sandan zai sallame shi da zarar ya faɗi suna da adireshi, wani kuma sai ya lissafa masa titunan da ya bi. A 1983 kotu ta soke dokar da rinjayen bakwai da biyu. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta ce a cikin dalilan nan biyu, na biyun ya fi nauyi: dole majalisa ta gindaya wa masu aiwatar da doka ƙa'idoji, ko da mafi ƙaranci ne.

Har zuwa nan hukunci bai da wuyar yarda. A Shikago ne maganar ta yi nauyi, domin a can masu neman dokar ba attajirai ba ne masu ƙyamar ganin talaka. Mutanen unguwannin talakawa ne, da yawansu baƙar fata, suka je gaban majalisar birni suna kuka da 'yan daba da suka mamaye kwanar titi. Ba lallai ka ga suna yin komai ba. Tsayuwar ita ce saƙon: nan yankinmu ne. Tsohuwa ta kasa fita sayen burodi, uwa ta hana yara wasa a ƙofar gida. Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da 'yan daba ke da majalisa a bakin lungu ya san wannan tsoron, ba sai an yi masa dogon turanci ba.

A 1992 birnin ya yi doka: idan ɗan sanda ya ga wanda yake da dalilin zaton ɗan daba ne yana tsaye da wani ko wasu, sai ya umarce su duka su watse, wanda ya ƙi, tara har dala 500, ko ɗaurin da ya kai wata shida, ko aikin gayya har na awa 120. Ma'anar tsayuwar da aka hana kuwa ita ce mutum ya zauna wuri ɗaya ba da wata manufa da ake gani ba. Cikin shekara uku aka ba da umarnin watsewa fiye da 89,000, aka kama mutum fiye da 42,000.

A 1999 Kotun Ƙoli ta soke ta, shida da uku. Mai shari'a John Paul Stevens ya tambaya: ta yaya mutum zai san ko manufarsa ana ganinta? Ya kawo misalin ɗan daba da mahaifinsa a tsaye kusa da filin wasa na Wrigley. Wataƙila fashi suke shiryawa, wataƙila jira suke su hango gwarzon ɗan wasa Sammy Sosa yana fitowa; a idon dokar duk ɗaya ne muddin ɗan sanda bai ga manufar ba. Kuma ba ɗan daban kaɗai dokar ta ɗaure ba, har duk wanda aka gani tare da shi: ƙaninsa, malaminsa, maƙwabcin da ya tsaya gaisawa. Da aka ce su watse, zuwa ina? Taku nawa? Bayan minti nawa za su iya dawowa? Dokar ta yi shiru. Abin da ya fi ban dariya, in ji Stevens, shi ne cewa 'yan daban da suka fito fili suna razana mutane ko suna tallar ƙwaya sun kuɓuta, domin su manufarsu kowa na ganinta. Tarko ya bar ɓera ya kama kaza.

Alƙalai uku ba su yarda ba. Clarence Thomas ya ce kotu ta yanke wa mutanen kirki hukuncin zaman kurkuku a gidajensu, alhali alƙalan da suka yanke ba a waɗannan unguwanni suke kwana ba. Antonin Scalia ya ce laifin ba tsayuwar ba ce, ƙin bin umarnin watsewa ne, wannan kuwa kowa ya fahimce shi. Kuma mutanen Shikago suna da ikon sadaukar da ɗan 'yancin tsayuwa su sayi zaman lafiya. Maganar Thomas tana da zafi, ba na kuma raina ta. Ta Scalia ce ba ta shige ni ba. Idan ɗan sanda zai iya ba da umarni a lokacin da ya ga dama, bayyanar umarnin ba ta wanke hazon da ke bayansa. Har yanzu shi ne ya zaɓi wanda zai zama mai laifi. (Shi Scalia ɗin ne kuma, a 2015, ya rubuta hukuncin da ya soke wani sashe na dokar tarayya kan masu maimaita laifi da makami, saboda harshen damo. Ashe ba ƙa'idar yake ƙi ba, inda aka ɗora ta ne.)

O'Connor ta goyi bayan sokewar, amma ta nuna wa birnin hanya. A shekarar 2000 Shikago ta sake rubuta dokar: tsayuwar da aka hana yanzu ita ce wadda mai hankali zai fahimci an yi ta ne don 'yan daba su mallaki yanki, ko su razana mutane, ko su ɓoye haramtaccen aiki. Wannan ya nuna amsar tambayar ba "e" ko "a'a" ba ce. Kotu ba ta taɓa cewa duk dokar hana gararamba haramtacciya ce ba. Wadda aka ɗaura wa wata niyya bayyananniya, ko wani wuri takamaimai kamar harabar makaranta, ko wani aiki da ido ke gani kamar tare hanya, yawanci tana tsira. Wadda ta tsaya a kan "ba dalili" kawai, faɗuwa take yi.

Rigimar da ta rage a kan wadda ke tsakiya ce, wato dokar gararamba da sanɗa da jihohi da birane da dama suka kwafo daga wani kundin samfuri da ƙungiyar masana shari'a ta Amurka ta fitar a 1962. Masanan sun hango tsofaffin dokokin ba za su kai labari ba, sai suka yi faci. Laifin, a rubutunsu, shi ne mutum ya yi gararamba ko sanɗa a wuri, ko a lokaci, ko ta yanayin da masu bin doka ba su saba ba, kuma a halin da zai sa a ji tsoro game da lafiyar mutane ko dukiyar da ke kusa. Suka kawo alamu: ya ruga da ganin ɗan sanda, ya ƙi faɗin ko shi wane ne, ya yi ƙoƙarin ɓuya ko ɓoye wani abu. Suka kuma sa birki biyu. Kafin kamu dole a ba shi dama ya yi bayani. Kuma ba za a same shi da laifi ba idan ba a ba shi damar ba, ko idan a kotu ta tabbata bayaninsa gaskiya ne, wanda da an yarda da shi da tsoron ya kau.

Fulorida ta rungumi wannan samfuri a 1972, shekarar da aka soke dokar Jacksonville, babbar kotun jihar kuma ta tabbatar da shi a 1975. Ta Jojiya ta yi haka a 1984, ta Wisconsin a 1989 kan dokar birnin Milwaukee. Hujjarsu ita ce tsoron da ake magana ba na son rai ba ne. Sai ɗan sanda ya nuna takamaiman abubuwan da ya gani, waɗanda za su tayar wa kowane mai hankali da hankali, kamar mutum a laɓe a bayan shago da tsakar dare yana taɓa ƙofofi. Amma babbar kotun jihar Washington ta soke makamanciyarta ta birnin Bellevue a 1975, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ta birnin Omaha a 1987, babbar kotun Idaho ma ta bi sahu a 1990. Kusan kalmomi iri ɗaya ne, a wata jiha doka, a wata shara.

Ni dai ina ganin masu sokewar sun fi kusa da gaskiya, ko da yake na yarda facin ya fi tsohuwar rigar. "Yadda masu bin doka ba su saba ba" a idon wa? Mai aikin dare da ke komawa gida ƙarfe uku, da wanda motarsa ta mutu, da wanda suka yi faɗa da matarsa ya fito shan iska, duk sun saɓa wa abin da aka saba. Gudu da ganin ɗan sanda kuma, a unguwar da aka sha dukan samari ba dalili, ba lallai alamar rashin gaskiya ba ce, wani lokacin alamar wayo ce. Sai kuma batun bayanin. A ƙasar da kundin tsarin mulki ya ba wanda ake zargi ikon yin shiru, ga doka tana cewa shirunka na iya zama tsanin kama ka. Kotun Ƙoli ta amince a 2004, a wata ƙara daga jihar Nevada, cewa ana iya tilasta wa wanda aka tsayar bisa zargi mai tushe ya faɗi sunansa. Suna kawai. Tsakanin "wane ne kai" da "me kake yi a nan, gamsar da ni" akwai tafiya mai nisa.

Akwai kuma tambayar da masu kare dokar ba su cika son ji ba: me ta ƙara? Tun 1968 Kotun Ƙoli ta ba ɗan sanda damar tsayar da mutum ya yi masa tambayoyi, har ya laluba shi in yana zaton akwai makami, matuƙar yana da zargi mai tushe. Wanda ya shiga harabar wani akwai dokar kutse. Wanda ya fara ɓalle ƙofa akwai laifin yunƙurin fasa gida. Abin da dokar sanɗa ta ƙara shi ne ikon kama mutumin da ba a iya nuna laifin da ya yi ba, wato a mai da zargi kansa laifi. Birkin nan na biyu kuma a kotu yake aiki, alhali wahalar tana faruwa kafin kotu: ankwa, caje aljihu, kwanan sel, belin da babu kuɗinsa, aikin da aka rasa saboda fashin kwana biyu. A tuna lissafin Lawson. Tsarewa 15, gurfanarwa biyu. Sauran goma sha ukun babu alƙalin da ya auna su.

Mu ma a nan ba 'yan kallo ba ne, domin uwa ɗaya ta haifi dokokin. Ingila ta yi dokar 'yan gararamba ta 1824, wadda wani sashenta ya ba da ikon kama mutum bisa zato. Fushin da ya jawo tsakanin matasa baƙar fata na cikin abin da ya hura wutar tarzomar Brixton a Landan a 1981, a shekarar kuma aka soke sashen. Amma kafin nan mulkin mallaka ya riga ya shuka irin a ƙasashen da ya riƙe. Kundin laifuffuka na Arewacin Najeriya yana da babinsa na marasa aikin yi da 'yan gararamba, daga sashe na 405. Gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta soke laifin yawon banza a 1989, sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya ce ba a hukunta kowa sai a kan laifin da rubutacciyar doka ta fayyace, ta kuma faɗi hukuncinsa. Duk da haka, a tambayi samarin da ke hira a teburin mai shayi bayan ƙarfe sha ɗaya abin da suke yi idan suka hango fitilar motar sintiri.

A ranar 4 ga Disamban 2020 Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ba da ra'ayin shari'a cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar, kuma rashin fayyace kalmominsu na cikin dalilan da ta kawo. Kusan shekara huɗu kafin nan Malawi ta riga ta gwada. Mayeso Gwanda ɗan tireda ne mai sayar da leda. A Maris na 2015, wajen ƙarfe huɗu na asuba, ya kama hanyar kasuwar Limbe a Blantyre da kayansa, 'yan sanda suka tare shi suka tambaye shi inda za shi. Ya faɗa musu, ba su gamsu ba, suka rufe shi a matsayin ɗan gararamba. Maimakon ya amsa laifi ya biya tara ya koma kasuwa, sai ya ƙalubalanci dokar kanta. A Janairun 2017 babbar kotun ƙasar ta soke sashen da aka kama shi da shi.